A cire waƙoƙin batsa daga ajin rawar yara, har da waɗanda aka ce an tace

Malam Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ina roƙon ɗan fili a jaridarka in faɗi abun da ke raina game da irin waƙoƙin da ake saka ma ƙananan yara a azuzuwan koyon rawar hip hop, sabida maganar ta daɗe tana cina kuma na lura duk sanda aka ɗauko ta sai a karkata wani wajen daban, wasu suce a hana rawar gaba ɗaya wasu suce ai zamani ne a ƙyale yara, ƙarshe a tashi ba a taɓa ainihin matsalar ba.

Ni dai matsayina a fili yake. Ajin da akwai ɗan shekara 6, 8, 10 ko 12 a ciki bai kamata a saka waƙar da ke da batsa ko ashar ko kirarin ƙwaya da bindiga ba, ko da kuwa ita ke tashe a duniya a wannan satin. Kuma zan ƙara da abun da na san wasu malaman rawa ba za su so ji ba, ko wadda akace an tace an cire zagin ce, indai maganar da waƙar take yi daga farko har ƙarshe ta kwanciya ce da siffanta jikin mace, to ita ma bata dace ba. Bana gaba da hip hop, ina son kiɗan tun ina saurayi kuma 'ya'yana suna koyon rawar da yardata. Wanda yake ganin tun farko bai ma kamata yaro yaje ajin rawa ba wannan hukuncin gidansa ne kuma ina girmama shi, amma yaran da suke cikin ajin yanzu haka suna nan fa, su ma 'ya'yan wasu ne, a kansu nake magana.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce wai ai yaran nan suna jin waƙoƙin a ko'ina, a mota, a waya, a talabijin, toh meye bambanci in sun ji a aji. Wallahi akwai bambanci babba, kuma duk wanda ya taɓa zama ya kalli yadda ake koyar da rawa na awa ɗaya zai gane me nake nufi. Malami baya saka waƙa sau ɗaya ta wuce. Yanki yake ɗauka, kamar sakan talatin ko arba'in, ya raba shi ƙidaya takwas takwas, ya ƙirga biyar shida bakwai takwas yara su shiga, wani ya kuskure a tsaya, a dawo da kiɗan baya, a sake, a koya ma layin gaba sannan layin baya, a haɗa su a sake, a raba su rukuni rukuni kowane rukuni ya fito yayi sauran suna zaune suna kallo suna bin waƙar da baki. Kafin a tashi wannan ɗan yankin ya shiga kunnen yaro sau ashirin ko fiye, sati mai zuwa a dawo kansa, in kuma shirin wasan ƙarshen zango ne ko gasa to wata da watanni za'a yi ana kansa, a ce musu kuje gida ku cigaba da gwadawa. Toh ai wannan hadda ce. Irin hanyar da ake bi kenan in ana so abu ya zauna daram a kan yaro, kuma yana zama.

Sannan ga abun da yafi damuna, wanda ba kowa ke kawo shi ba. A rawar hip hop ta aji ana ɗora motsi ne a kan kalma. Gwanin malami shine wanda yake sauraron waƙa sosai ya ciro kowane bugu da kowace kalma ya bata motsin da ya dace da ita, in mawaƙi yace kuɗi sai a murza yatsu, in yace tafi sai a nuna hanya, in yace zuciya a dafa ƙirji, wannan shine daɗin abun kuma shi alƙalai suke yaba ma a gasa, su ce wane yana jin kiɗa. Yanzu dan Allah a ɗauka mawaƙin wani sashe na jikin mace ya ambata, ko ya faɗi abun da zai yi da ita, ko ya kwatanta harbin wani. Wane motsi za'a ɗora a wurin? Ko malamin ya kauce ya saka wani abu daban, kiɗan kansa an gina shi ne a kan wannan maganar, yarinya 'yar shekara 9 tana tsaye gaban madubi tana kallon jikinta yana amsa wannan kalmar, babba yana gefe yana tafa mata yana cewa yauwa haka, ƙara ƙarfi. Jin waƙa a mota kunne kawai ya shafa, wannan kuwa an shigar da ita cikin gaɓoɓin yaro kuma an haɗa da yabo daga bakin wanda yake ganin girmansa. Yaro in yana son malamin rawarsa har tafiyarsa yake kwaikwaya da yadda yake saka hula, duk abun da malamin ya kunna a sifika a wajen yaron ya zama halas kenan, ba sai an faɗa masa ba.

Sai ka ji an ce ai basa ganewa, kiɗan kawai suke bi. Gaskiya ne ɗan shekara 7 bai san ma'anar rabin abun da yake rerawa ba, musamman in waƙar ba da harshensa aka yi ta ba. Amma yaro yana haddacewa ne kafin ya fahimta, kalmomin suna nan a ajiye a kansa, ranar da wani ɗan ajinsu da ya girme shi da shekara biyu zai fassara masa shikenan ma'anar ta sauko kan abun da ya riga ya iya, har da motsin da aka koya masa. Kuma kafin wannan ranar yana yawo da kalmar a baki, ya faɗe ta a makaranta malamar aji ta hukunta shi bai san laifinsa ba. Akwai kalmar nan ta cin mutuncin baƙar fata da ta cika waƙoƙin rap na Amurka, su mawaƙan suna da tarihinsu da ita da dalilin da yasa suke faɗinta a tsakaninsu, har yau ma basu gama muhawara a kanta ba, amma yaron da ya kwaso ta daga ajin rawa ba tare da wannan tarihin ba ya jefa ma wani a filin wasa, wa zai ɗau alhakin abun da zai biyo baya? In rashin ganewar yaro hujja ce to hujja ce a kanmu manya, sabida yana nufin shi bazai iya cewa a'a ba, mu ne ya kamata mu faɗa a madadinsa.

Mu kanmu iyaye da yawa bama ganewa, gaskiyar kenan. Mawaƙan nan suna magana da sauri kuma da salon unguwa, kalma ɗaya da kake ɗauka sunan alewa ce ko abun wasa ashe sunan ƙwaya ce ko wani abun kunya. Ko wanda aka haifa da Turanci a baki sai ya nemi rubutaccen baitin ya karanta sannan yake sanin me aka ce. Shi yasa nake ganin nauyin yafi yawa a wuyan malami, shi ya zaɓi waƙar, shi ya saurare ta sau ba adadi yana tsara rawar, bazai ce bai san me ke ciki ba.

Bari in zo kan tatacciyar waƙa, don nan ne malamai masu kyakkyawar niyya suke tsayawa suna ganin sun sauke nauyi. Yadda ake tacewa kala uku ne zuwa huɗu. Ko a kashe muryar a daidai kalmar kiɗa ya cigaba, ko a juya kalmar baya ta koma wani gurnani, ko a ɗora ƙara ko sautin karce faifai a kanta, wani sa'in kuma mawaƙin ya sake rera layin da wata kalma mai sauƙi. Duk an yi wannan ne don waƙa ta samu shiga rediyo, ba a yi shi da ɗan firamare a rai ba. Abun da aka cire kalmomi ne ƙididdigaggu, labarin yana nan yadda yake, kamar mutum ne ya rufe taga ya bar ƙofa a wangale. Kuma yara ba wawaye bane, gurbin da aka bari shiru shi yafi jan hankalinsu, baitin yana da amsa-amo, kalmar da ta gabata ta riga ta nuna wace ce ta ɓace, sai kaga aji guda sun cike gurbin da bakinsu suna dariya. Na taɓa tsayawa bakin ƙofar wani aji ina jiran a tashi, ban ji zagi ko ɗaya daga sifika ba, daga bakin yaran naji shi, a tare, a daidai inda aka goge. Malamin bai yi da mugun nufi ba na tabbata, shi a ganinsa ya kiyaye.

Daga nan yaro ya koma gida yana son waƙar, an ce ya gwada rawa kafin sati mai zuwa, ya ɗauki wayar mamansa ya rubuta sunanta a YouTube ko Spotify. Wacce za ta fara fitowa? Sau da yawa ta asalin ce, da bidiyonta, kuma bidiyon yakan fi baitin muni. Malamin da ya saka tatacciya a aji shi ya nuna masa hanyar zuwa wadda ba'a tace ba, ko yana so ko baya so.

Wasu malaman suna dogara da ɗan harafin E, alamar cewa akwai batsa ko ashar a waƙa, da ake gani kusa da sunan waƙa a Spotify da Apple Music, in babu shi suce lafiya lau. Ya kamata a san daga ina wannan alamar ta fito. A shekarar 1985 wasu matan manyan 'yan siyasar Amurka suka kafa ƙungiyar iyaye mai sa ido kan waƙoƙi da ake kira PMRC, cikinsu har da Tipper Gore matar Sanata Al Gore na lokacin, wadda abun ya fara damunta bayan ta saya ma 'yarta mai shekara 11 faifan wani fitaccen mawaƙi taji abun da ke ciki. A watan Satumba na shekarar aka yi zaman sauraron bahasi a majalisar dattawa, kamfanonin waƙa suka yarda za su riƙa saka gargaɗi, a 1990 aka tsayar da tambarin nan baƙi da fari mai rubutun Parental Advisory da kowa ya sani. Abu biyu nake so mai karatu ya riƙe a nan. Tambarin na ganin dama ne, kamfani da mawaƙi su ke yanke shawarar sakawa, ba wata hukuma da ke zama ta saurari kowace waƙa, kuma baya faɗin shekarun da suka dace kamar yadda ake ma finafinai. Kenan rashin alamar bai wanke waƙa ba. Na biyu, jerin waƙoƙi 15 da ƙungiyar ta fitar a matsayin mafiya ƙazanta a wancan lokacin babu rap ko ɗaya a ciki, na rok ne da fof da makamantansu. Ina faɗin haka ne don masu ɗora ma hip hop duk wani lalacewar waƙa, batsa a waƙa ta girme shi nesa ba kusa ba.

Ko dokar yaɗa labarai ta Amurka, ƙasar da ake ganin ba abun da aka hana faɗa, bata yarda gidan rediyo ko talabijin da ake kamawa da eriya ya watsa kalaman rashin kunya daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare ba, kuma dalilin da aka bayar ɗaya ne, lokacin yara na iya ji. A Birtaniya talabijin sai bayan ƙarfe 9 na dare ake sakin shirin manya. Toh in gidan rediyon da bai san wa ke saurare ba an ce ya kiyaye sabida wataƙila akwai yaro, ina ga ɗakin da kowa a ciki yaro ne, kuma iyayensu suka kawo su da hannunsu suka damƙa amana?

Hujjar da tafi ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma ina ɗaukarta da muhimmanci, ita ce ta masu cewa wannan al'adar mutane ce, hip hop daga titi ya fito, daga talauci da wariya da zaluncin 'yan sanda, harshensa mai kaushi ne don rayuwar da ta haife shi mai kaushi ce, in ka wanke shi tas ka miƙa ma yaran masu hali a situdiyo mai madubi to ka ci amanarsa. Na yarda da rabin maganar. Akwai mawaƙan da zafin kalmarsu gaskiya ce suke faɗa kuma bana so a rufe musu baki, babba ya saurara ya yi tunani. Amma in tarihi za'a bi to a bi shi har tushe. Ranar 11 ga Agusta 1973, a gida mai lamba 1520 kan titin Sedgwick a unguwar Bronx ta birnin Niyu Yok, wata yarinya Cindy Campbell ta shirya ɗan biki don ta tara kuɗin kayan komawa makaranta, yayanta mai shekara 18, ɗan asalin Jamaika da ake kira DJ Kool Herc, shi ya saka kiɗa. Wannan ranar ce ake ƙirgawa a matsayin haihuwar hip hop, shi yasa aka yi bikin cikarsa shekara 50 a 2023. Abun da Herc ya shahara da shi shine ya lura masu rawa sun fi zabura a daidai inda mawaƙi yayi shiru ganga ta rage ita kaɗai, sai ya riƙa saka faifai biyu iri ɗaya yana maimaita wannan gurbin, wanda ake kira birek, don ya tsawaita. Daga nan rawar birek ta samo sunanta. Wato rawar nan an haife ta ne a wurin da babu kalma ko ɗaya, kuma waɗanda suka ƙirƙire ta yara ne da matasa, da yawansu basu kai 18 ba.

Sauran salon ma haka. Lokin, wanda mai rawa ke ƙamewa cak kamar an kulle shi sannan ya saki, Don Campbell ne ya fito da shi a Los Anjalas wajen ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, da kiɗan fonk ake yinsa, rawa ce ta fara'a da murmushi. Fofin, mai zaburar da tsoka, daga Fresno ta jihar Kalifoniya ya yi suna ta hannun Boogaloo Sam da ƙungiyarsa, shima kan fonk. Salon kuramp da ake gani kamar faɗa, tushensa rawar wani mutum ne da ake kira Tommy the Clown wanda ya fara a 1992 yana nishaɗantar da yara a bikin zagayowar ranar haihuwa, daga baya matasan unguwa suka taru a bayansa yana janye su daga ƙungiyoyin daba. Sannan birek ɗin nan ya shiga gasar Olamfik ta matasa a Ajantina a 2018, ya shiga babbar Olamfik a Faris a 2024, inda Ami ta Japan da Phil Wizard na Kanada suka ci zinare, wata yarinya 'yar Lituweniya mai shekara 17 ta ci azurfa. A can DJ ne ke saka kiɗa mai rawa bai san me zai zo ba, alƙalai suna duba ƙwarewa da yawan salo da tsaftar motsi da bin kiɗa da ƙirƙira. Duk wannan gadon yana nan ana iya koya ma yaro shi shekara da shekaru ba'a buƙaci layin batsa ko ɗaya ba. Malamin da yace sai da ƙazamar waƙa ake samun hip hop na gaske, ni ina ganin waƙar da ke tashe ya sani, tushen sana'arsa kuwa bai nema ba.

Masu bincike ma sun leƙa maganar. Cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ta bi matasa 1,461 'yan shekara 12 zuwa 17 na tsawon shekaru, sakamakon ya fito a mujallar likitocin yara ta Pediatrics a 2006, suka ga waɗanda suka fi sauraron waƙoƙin da ke ƙasƙantar da mace su maida ita kayan jin daɗi sun fi saurin fara jima'i da wuri. Abun lura shine basu ga haka ba a waƙoƙin da suke maganar soyayya ko sha'awa ba tare da ƙasƙanci ba. Kaga kenan saƙon waƙar ne ke aiki, shi kuwa tacewa bata taɓa saƙo. Wani binciken da ya fito a 2008 ya duba waƙoƙi 279 da suka fi tashe a Amurka a 2005, kusan ɗaya cikin uku na maganar giya ko ƙwaya ko taba, a rap kashi 77 cikin ɗari, a waƙoƙin kantiri kashi 36. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya a 2009 tana jan hankalin iyaye su san me 'ya'yansu ke saurare. Ban ce waƙa ɗaya za ta lalata yaro ba, su ma masu binciken basu ce haka ba, tarbiyya abubuwa ne da yawa suke haɗuwa. Amma waɗannan matasa ne da suka zaɓi waƙa da kansu suka saka a kunne, mu kuwa muna maganar 'yan ƙasa da su, waɗanda babba ne ya zaɓa musu ya kuma ce su haddace.

Yanzu kuma ga waya. A da in an tashi daga aji abun ya ƙare a ɗakin, yau kusan kowane aji ana ɗaukar bidiyo a ƙarshe a ɗora a Instagram ko TikTok don tallar makarantar, kuma don bidiyon ya yi tafiya sai a ɗora masa sautin da ke tashe, wani lokacin na asalin ma wanda ba'a tace ba. Su waɗannan manhajojin a ƙa'idarsu sai ɗan shekara 13 zai buɗe shafi, amma ga fuskar 'yar shekara 8 tana yawo a ciki tana karya ƙugu kan baitin da ko ni bazan iya maimaita shi gaban mahaifiyata ba. Bidiyo in ya fita ya fita, baka san wa ya sauke ba, baka san wa ke kallonsa da wane irin ido ba, kuma yarinyar nan za ta girma ta gan shi wata rana ta fahimci me take rawa a kai. Ba ita ta zaɓa ba.

Kuma kar a ɗauka 'yan mata kawai abun ya shafa. Yaron da ke tsaye a layi ɗaya da su yana jin sunan da ake kiran mace da shi a waƙar, yana ganin manya sun yi shiru har suna tafi, shima darasi yake ɗauka na yadda ake kallon 'yar uwarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk inda aka tanƙwara nan yake bushewa.

Maganar 'yan shekara 15 zuwa 17 ta ɗan bambanta, bazan ce a riƙe su kamar 'yan firamare ba. Su suna da wayarsu, sun san waƙoƙin fiye da mu, kuma malami mai hankali zai iya ɗauko waƙa mai nauyi da ke maganar talauci ko rashin adalci ko mutuwar aboki, wadda aka tace zagin, ya zauna da su su tattauna me mawaƙin ke nufi kafin a ɗora rawa, da sanin iyaye. Wannan ilimi ne kuma ina goyon baya. Batsa tsagwaronta dai ko su ban ga amfaninta a aji ba. In kuma aji a gauraye yake manya da ƙanana, to da mafi ƙanƙanta za'a auna, ba'a ce don mutum goma sun girma ɗaya ya haƙura ba.

Na san malaman suna da tasu damuwar kuma ba ƙarama bace. Yara ne da kansu suke zuwa suna roƙo a saka musu waƙar da suka gani a waya, in ka ƙi suce ajinka ba daɗi su koma wani, mai makaranta kuma yana ƙirga kawuna. Neman waƙa mai zafi wadda kuma take da tsafta yana cin lokaci, lokacin da ba wanda ke biyan malami kuɗinsa. A gasa ma in alƙalai suna ba masu rawar manya a jikin yara maki mai yawa, kowa can zai karkata. Shi yasa bana so a bar malami shi kaɗai da abun. Mai makaranta ya rubuta ƙa'ida ya manna kowa ya gani, a riƙa tura ma iyaye sunan waƙa kafin a fara tsara rawa a kanta ba sai ranar wasa uba yana zaune cikin jama'a yaji abun da zai sa ya sunkuyar da kai ba, masu shirya gasa su rage maki ko su cire duk rukunin yara da ya zo da ƙazamar waƙa, in aka yi haka sau biyu kowa zai gyara. Shi kuma malami ya karanta baitin gaba ɗaya a rubuce, har inda bazai yi amfani da shi ba, ya tambayi kansa ko zai iya tsayawa gaban iyayen ajin ya karanta musu shi da ƙarfi ba kiɗa. In yaran sun nace kan waƙar da ke tashe, galibi akwai kiɗanta zalla ba murya, bugun da suke so yana nan. Ga tsofaffin kiɗan fonk da aka gina rawar a kansu, ga dubban masu haɗa kiɗa a intanet da ke sakin sauti don masu rawa kawai, ga mawaƙan rap da basa ashar kwata kwata kuma suna da zafi.

Mu iyaye kuma dan Allah mu daina ajiye yaro a bakin ƙofa mu juya. A tambayi sunan waƙar, a nemi baitin a karanta, wanda baya jin harshen ya ba wanda yake ji ya fassara masa ba kunya a ciki. In an ga abun da bai yi ba a samu malamin a keɓe cikin mutunci, ba gaban yara ba kuma ba a dandalin sada zumunta ba, da yawansu matasa ne da basu haihu ba, abun bai taɓa zuwa musu a rai ba, in an yi musu bayani suna karɓa. Wanda ya ƙi ji bayan an faɗa masa, sai a ɗauke yaro a kai shi wani ajin.

Malam Edita, ina roƙon in da hali jaridarka ta ba malaman rawa da masu makarantun fili su ma su faɗi nasu, musamman waɗanda suka daɗe suna koyar da yara da kiɗa mai tsafta, su gaya ma 'yan uwansu inda suke samo waƙoƙin da yadda suke shawo kan yara in sun nace. Na gode da wannan dama, Allah ya shirya mana zuri'a.

Naka,
Wani uba mai bibiyar jaridarku